Tsohon ruwa ba ya shirya sabon akwatin kifi

Masu kiwon kifin ado a Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru sun daɗe suna cewa in an ɗebo ruwa daga tsohon akwatin gilashi aka zuba a sabo, sai a saki kifi. Ba haka abin yake ba. Bakteriyar da ke mayar da amoniyar kashin kifi (guba ce ga kifi) nitirait (shi ma guba ne), sannan nitirat mai ƙarancin illa, manne take a jikin duwatsu da yashi da soson matata. Kaɗan ce ke yawo cikin ruwa.

Don haka dutse ko soso za a aro, yana jiƙe, daga lafiyayyen akwatin kifi mai ruwa irin na sabon. In babu, a riƙa jefa ɗan abincin kifi a sabon akwatin don bakteriyar ta yaɗu, a jira mako 4 zuwa 6. A gwada da kayan awon ruwa: kada kifi ya shiga sai amoniya da nitirait sun koma sifili.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu wannan kiwo.