Gyaran ƙwayoyin gado da cutar sikila: tambayoyi da amsoshi

Mene ne ake nufi da gyaran ƙwayoyin gado?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana ɗauke da saƙon da ya gada daga iyayensa, kuma kuskure ɗaya a cikin saƙon yana iya zama ciwon da zai bi mutum tsawon rayuwarsa. Haka lamarin sikila yake, wadda muke kira amosanin jini: kuskuren yana sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, har yaro ya kwana yana kuka saboda ciwon ƙashi. Magungunan da aka saba da su suna rage raɗaɗi ne, shi kuwa gyaran ƙwayoyin gado, wato taɓa wannan saƙon da aka gada, tushen ciwon yake nufa. A shekarar 2012 Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana dabarar CRISPR, mai aiki kamar almakashi wajen yanke daidai gurbin da ake so, kuma aikin ya ba su kyautar Nobel a 2020.

Shin an fara yi wa masu sikila?

An fara. A watan Nuwamba na 2023 Birtaniya ta amince da maganin Casgevy, mai amfani da dabarar CRISPR, a watan Disamba kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tare da wani maganin mai suna Lyfgenia, ga masu shekara 12 zuwa sama. A gwajin Casgevy da hukumar ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwon ya tayar musu da tsanani ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san darajar shekara guda babu kwanciya a asibiti.

Yaya ake yin aikin?

Jinjiri yana zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyi, shi ya sa ciwon ba ya cika bayyana sai bayan watannin farko. Daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan dakatar da samar da shi. Abin da Casgevy yake yi shi ne raunana wannan birki, domin jiki ya koma yin jini irin na jarirai. Ana ɗibar iyayen ƙwayoyin jini, wato ƙwayoyin ɓargo masu samar da jini, daga jikin majinyacin, a gyara su a ɗakin bincike na tsawon watanni, sannan a ba shi maganin ciwon daji mai ƙarfi da zai share tsohon ɓargonsa kafin a mayar masa da waɗanda aka gyara. Tunda ƙwayoyin nasa ne, ba sai an nemi ɗan'uwan da jininsu ya dace ba, wanda shi ne babban cikas a dashen ɓargo.

Ina hatsarin yake?

Mafi yawan wahalar daga share ɓargon take. Majinyaci yakan yi makonni a keɓe a asibiti, garkuwar jikinsa a ƙasa, bakinsa da gyambo, gashinsa ya zube, kuma yana iya rasa haihuwa, abin da bai kamata likita ya ɓoye wa matashi ko iyayensa ba. Lyfgenia yana ɗauke da gargaɗin kansar jini, kuma ana bibiyar waɗanda aka yi wa aikin har shekara 15.

Wanda aka yi wa, 'ya'yansa sun tsira?

A'a. Gyaran ya tsaya ga jininsa, bai taɓa abin da zai gadar ba. Idan ya auri mai AS, suna iya haifar mai sikila, saboda haka gwajin jini kafin aure yana nan daram.

Yaushe zai iso gare mu?

Nan ne abin yake da ciwo. A 2023 an sa wa Casgevy farashin dala miliyan 2.2 a Amurka, Lyfgenia kuma dala miliyan 3.1, alhali Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasin tana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara. Ko da an rage kuɗin, aikin yana buƙatar cibiyar dashen ɓargo, da wadataccen jini, da wutar da ba ta yankewa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko a Nijeriya ga mai sikila a 2011, amma irin waɗannan cibiyoyi kaɗan ne ƙwarai. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman hanyar gyara ƙwayoyin a cikin jiki ba tare da an fitar da su ba, wadda a ganina ita ce ta fi dacewa da asibitocinmu. Kafin ta samu, gwajin jarirai tun daga haihuwa, da rigakafi, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da maganin hydroxyurea a farashin da talaka zai iya, su ne abubuwan da ya kamata iyaye su nema a asibiti, gwamnati kuma ta samar.