Ziyarar shimfiɗun ƙananan jiragen ƙasa a lokacin babban taro

Ziyarar shimfiɗu wani ɓangare ne na manyan tarukan da masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa ke yi, musamman a Amurka da Kanada. A kwanakin taro, mutanen garin da ke da shimfiɗa a gida, da kulob-kulob na yankin, sukan buɗe ƙofofinsu ga mahalarta su shigo su ga aikin, wani lokaci har a miƙa musu ragamar tuƙi. Shimfiɗa ita ce 'yar ƙaramar duniyar da ake ginawa a kan tebura ko kantocin katako: layin dogo, tashoshi, gadoji, duwatsu, masana'antu da gidaje, duk an ƙanƙanta su bisa ma'auni ɗaya, jiragen kuma suna tafiya da wutar lantarki. Babbar shimfiɗar gida ba ta ɗaukuwa. An kafe ta a jikin bango, wayoyinta sun bi ƙarƙashin katako ko'ina, sau da yawa ko ta ƙofar ɗakin ba za ta fita ba sai an sa mata zarto. Saboda haka ba a kai ta zauren taro. Jama'a ne ke zuwa inda take.

Asali

Al'adar ta taso ne tare da ƙungiyar National Model Railroad Association, wadda aka fi sani da NMRA, da aka kafa a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a 1935. A garin ne kuma Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a 1934. Abin da ya tara waɗanda suka kafa ƙungiyar matsala ce da ta shafi ziyara kai tsaye: mutum ya ɗauki kan jirginsa da taragansa zuwa gidan abokinsa, sai ƙafafun su ƙi zama a kan layi, ko maƙalan taragai su ƙi kama juna, domin kowane kamfani da kowane maƙeri da nasa awon. Ƙa'idojin da ƙungiyar ta fitar a kan faɗin layi, siffar ƙafa da ƙarfin wuta su suka sa kayan wani suke iya gudu a kan layin wani.

Babban taron ƙungiyar na shekara-shekara yana zagayawa daga birni zuwa birni, yakan ɗauki kusan mako guda a lokacin zafi, a rufe shi da baje kolin da ake kira National Train Show. An koma Milwaukee a 2010 don cikar ƙungiyar shekara 75, a 2019 kuma aka yi shi a Salt Lake City, shekarar da layin dogon farko da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma ya cika shekara 150 da haɗewa. Yawan shimfiɗu masu kyau da ke kusa da gari yana cikin abubuwan da masu neman karɓar baƙuncin taro ke tallata garinsu da su. Rassan ƙungiyar na shiyyoyi ma suna yin nasu ƙananan taruka a kan wannan tsari.

Ma'auni da wurin da ake ginawa

Mai ziyara zai fi cin karo da ma'aunin HO, inda aka rage komai sau 87, faɗin layi kuma milimita 16.5. Mai bi masa shi ne N, ragi sau 160 a kan layi mai milimita 9. Akwai O, wanda a Amurka ragi ne sau 48, da S sau 64, da ɗan mitsitsin Z sau 220 da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972. Lissafin yana da muhimmanci domin shi ke nuna iyakar abin da ɗaki zai ɗauka: kilomita ɗaya na layin gaske yana cin kusan mita 11.5 a HO. Wanda ke son kwaikwayon hanyar kilomita ɗari dole ya zaɓi wasu tashoshi, ya matse tazarar da ke tsakaninsu, ya watsar da saura. Yadda kowa ya yi wannan zaɓin shi ne babban abin da gogaggun masu ziyara ke zuwa gani, fiye da kyan fenti.

Masu kwaikwayon siririn layi, wato layin dogon da faɗinsa bai kai na gama-gari ba, suna da nasu ma'aunin. Tsohon layin dogon Najeriya, wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne, irin na New Zealand da jihar Queensland ta Ostireliya da Afirka ta Kudu. Masu kwaikwayon irin wannan layi sukan yi amfani da layi mai milimita 12 a ma'aunin HO, ko su ɗauki layin HO ɗin kansa su ɗora masa jirage na ma'aunin S.

Yanayin gine-gine ma yana da tasiri. A arewa maso gabashin Amurka da tsakiyarta gidaje da yawa suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai faɗin gidan gaba ɗaya, nan ne manyan shimfiɗu suka fi yawa. A Kalifoniya da Texas irin wannan ɗaki bai yawaita ba, sai a yi a gareji, ko a wani ɗaki da babu kowa, ko a gina wa jiragen ɗakinsu a bayan gida. Idan wuri ya yi kaɗan sai a yi hawa biyu ko uku, a haɗa su da layi mai murɗewa kamar bayan dodon-koɗi, jirgi ya shiga ta ƙasa ya yi ta zagaye har ya ɓullo a hawa na sama.

Yadda ake shirya ziyarar

Hanya biyu ake bi. Ta farko ta bas ce: mutum ya sayi tikiti tun lokacin rajista, a kwashe su daga otal ɗin taro, a zagaya da su gidaje kaɗan cikin rabin yini ko yini guda. Ta biyu kowa ya tuƙa kansa, a ba shi ɗan littafi mai adireshi da lokutan da kowane gida zai kasance a buɗe, abokai su haɗu a mota ɗaya su tsara hanyarsu. Kowace da nata cikas. Bas yana sauke mutum arba'in ko hamsin a lokaci guda a ƙofar ɗakin da lungunansa ba su kai faɗin mita ɗaya ba, dole a shiga rukuni-rukuni, kuma kafin mutum ya gama fahimtar inda layi ya dosa an kira shi ya koma mota. Mai tuƙa kansa yana iya zama awa guda yana hira da mai gida, amma nisa da cunkoson hanya suna cinye masa yini. Taron masu siririn layi, National Narrow Gauge Convention, ya yi suna da tsarinsa na ware la'asar don ziyarar gidaje, a bar safiya da dare ga laccoci da 'yan kasuwa.

Littafin ziyara yakan bayyana ma'auni, girman ɗaki, kamfanin jirgi da zamanin da aka kwaikwaya, irin na'urar sarrafawa, da yawan ɓangaren da aka gama yi wa duwatsu da itatuwa. Yakan kuma faɗi ko akwai matakala, ko sai an sunkuya ta ƙarƙashin teburin shimfiɗar kafin a shiga tsakiya. Wannan bayanin ba ƙarami ba ne, domin da yawa daga cikin mahalarta dattawa ne, wasu a keken guragu. Adireshin gidaje kuwa ga waɗanda suka yi rajista kaɗai ake bayarwa, saboda kayan da ke ɗakunan suna da tsada.

A ɓangaren mai gida, amincewa da karɓar baƙi alkawari ne da ake ɗauka shekara ɗaya ko biyu kafin taro, kuma sananne ne a cikin masu wannan sha'awa cewa babu abin da ke sa a gama aikin da aka daɗe ana jan ƙafa a kansa kamar ranar ziyara. Ana goge layi sosai, tunda ƙura kaɗan ta isa ta katse wuta jirgi ya tsaya cak a gaban baƙi. Abokai sukan zo taimako, wasu suna tuƙi, wani yana ƙofa, shi kuma mai gida ya samu sararin amsa tambayoyi.

Ladubban baƙo

Dokar farko ita ce kada a taɓa. Ko tarago ya sauka daga layi, baƙo ya gaya wa mai gida ne, ba ya kai hannu ba. Ba a jingina da bakin teburin shimfiɗar, ba a ɗora kofi ko waya a kai, jakar goyo da igiyar kyamara kuma a kula da su, don su ne suka fi karya sandunan waya da ƙananan bishiyoyin da ke gefe. Ana neman izini kafin ɗaukar hoto, musamman idan za a sa a intanet. Akan ajiye littafin baƙi a bakin ƙofa a sa hannu. Gyara kuskure a gaban jama'a, irin a ce wannan tarago ba a ƙera shi ba sai bayan shekarar da aka kwaikwaya, abin ƙi ne. Mai gida galibi ya riga mai gyaran sani. Kuma gidan mutane ne, akwai iyali a sama da suka haƙura da baƙin fuskoki suna ratsa musu falo yini guda.

Daga kallo zuwa tuƙi

A da ziyara kallo ce kawai: jirgi yana zagaye, baƙi suna yabo. Ra'ayin cewa shimfiɗa ta yi aiki kamar kamfanin jirgi na gaske ya samu gindin zama ta rubuce-rubucen Frank Ellison, mai shimfiɗar Delta Lines a New Orleans, sannan Allen McClelland da shimfiɗarsa Virginian & Ohio a Dayton ta jihar Ohio. Daga nan zaman tuƙi ya zama wani reshe na taro mai zaman kansa. Baƙi sukan yi rajista a raba musu aiki na awa uku ko huɗu: wannan direba, wancan mai haɗa taragai a babbar tasha, wani kuma yana wani ɗaki shi kaɗai yana ba jirage izinin wucewa ta rediyo ko tarho. Kowane tarago yana da kati mai nuna inda za a kai shi, misali gawayin kwal daga mahaƙa zuwa tashar wuta, agogon bango kuma yana gudu sau huɗu ko shida fiye da na gaske don jadawalin yini ya shiga zama ɗaya. Rukunoni biyu ne suka fi ɗaukar nauyin wannan a taron NMRA, na masu tsara shimfiɗa da na masu zaman tuƙi.

Abin da ya sauƙaƙa miƙa wa baƙo jirgi shi ne tsarin DCC, wato sarrafa jirage da saƙonnin dijital, wanda NMRA ta mayar ƙa'ida a shekarun 1990 bisa aikin kamfanin Lenz na Jamus. A tsohon tsari ana raba layi gunduwa-gunduwa, direba yana kunna wuta yana kashewa a gaban jirginsa, abin da baƙo ba zai iya koya cikin minti goma ba. A DCC kowane kan jirgi yana da 'yar na'ura da lambarsa, direba ya danna lambar ya bi jirginsa a ƙafa. Yau har da wayar hannu ana tuƙi.

Shimfiɗun kulob

Na kulob sun fi na gida girma da faɗin lungu, sun kuma saba da baƙi, shi ya sa masu shirya ziyarar bas suke son su. A gidan tarihin San Diego Model Railroad Museum da ke Balboa Park, kulob-kulob da dama ne ke gina shimfiɗunsu a ƙarƙashin rufi ɗaya, ciki har da kulob ɗin La Mesa mai kwaikwayon mashigar duwatsun Tehachapi a HO, inda dogon jirgi ke hawa da'ira har kansa ya ratsa ta saman wutsiyarsa. Kulob ɗin ɗaliban jami'ar MIT, da aka kafa a 1946, ya fi shahara da wayoyin da ke ƙarƙashin tebur fiye da abin da ke kai, domin daga cikin 'ya'yansa aka samu wasu daga cikin farkon gwanayen kwamfuta. Sai dai aikin kwamiti yakan rasa abin da na gida ke da shi, wato ra'ayin mutum ɗaya da ya bi shi shekara talatin ba tare da jefa ƙuri'a ba.

A Birtaniya lamarin ya juya. Gidaje ƙanana ne, shimfiɗu da yawa an gina su a kan alluna masu rabuwa, a loda a mota a kai wurin baje koli a ƙarshen mako, don haka ziyarar gida ba ta yi ƙarfi kamar a Amurka ba. A sauran Turai ƙungiyar FREMO, da aka kafa a Jamus a 1981, tana tara gutattakin shimfiɗa masu baki iri ɗaya daga ƙasashe daban-daban a haɗa su a babban zaure. Ƙungiyar NTRAK ta fara irin wannan a Amurka a shekarun 1970.

Ƙarewar shimfiɗu

Shimfiɗar gida ba kasafai take wuce mai ita ba. Idan ya rasu, ko ya tsufa ya koma ƙaramin gida, akan sayar da jirage da gine-gine, sauran a farfasa. Misalin da aka fi ambata shi ne Gorre & Daphetid ta John Allen a Monterey ta Kalifoniya, mai duwatsun da suka taso tun daga daɓe har kusan rufi. Allen ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye shimfiɗar, hotuna da abin da waɗanda suka ziyarce ta suka riƙe ne suka rage. Tunda taro yakan yi shekaru masu yawa bai dawo gari ɗaya ba, mahalarta sukan fifita gidajen dattawa a jerin ziyararsu.

Annobar korona ta sa aka soke taron NMRA na 2020, na 2021 kuma aka yi shi ta intanet, masu gida suna zagayawa da kyamara suna bayani. Ziyarar bidiyo ta ci gaba bayan an koma haɗuwa ido da ido, tana amfanar waɗanda ke nesa ko ba sa iya hawa matakala, kuma wasu rassan ƙungiyar suna ɗaukar shimfiɗun 'ya'yansu a bidiyo kafin a rushe su.