Shinkafa mai danƙo ta ƙasashen Asiya da kayan zaƙin da ake yi da ita

Shinkafa mai danƙo wani nau'i ne na shinkafar Asiya da aka fi nomawa a kudu maso gabashin nahiyar da kuma gabashinta, wadda in ta nuna sai ƙwayoyin su manne da juna har mutum ya iya mulmula ta da hannu kaman lomar tuwo. Ɗanyarta fara ce fat kaman alli, ba ta da ɗan sheƙin nan na shinkafar da muka saba gani, akwai kuma baƙa da mai launin shunayya waɗanda ba a cire musu dusar baya ba. Kowace ƙasa da sunan da take kiranta: a Laos da Tailan khao niao, a Sin nuomi, a Japan mochigome, a Koriya chapssal, a Malesiya pulut, a Indonesiya ketan, a Filifin kuma malagkit. A wasu wurare ita ce abincin safe da rana da dare, amma a yawancin ƙasashen an fi ajiye ta ne don ranar biki da kayan kwaɗayi.

Abin da ke sa ta danƙo

Sitacin da ke cikin shinkafa iri biyu ne, amilos da amilofektin. Shinkafar da ke warwarewa in an dafa, irin su basmati, tana da amilos wajen kashi 20 cikin 100 ko sama da haka, ita kuwa mai danƙo kusan babu shi sam, amilofektin ne zalla, toh shi ne ke riƙe ƙwayoyin. Wani ɗan sauyi ne da ya faru a ƙwayar halittar shukar ya hana ta yin amilos, manoma kuma suka so abin suka riƙa ware irin. Babu gulutin ɗin alkama a cikinta ko kaɗan, don haka wanda alkama ke damu zai iya ci.

Kar a haɗa ta da shinkafar tuwo ta wajenmu. Tamu laushi take yi in ta sha ruwa da tuƙi, waccan kuwa ko a turare take, ba tare da an tuƙa ba, sai ka ja ta tana biyo hannu.

Asali da tarihi

Wani bincike kan ƙwayoyin halitta da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa da alama sauyin nan sau ɗaya ya faru, kuma a kudu maso gabashin Asiya, daga nan irin ya bazu zuwa arewa. Ana ƙiyasta cewa an fi shekara 2,000 ana nomanta a Sin. Yankin da ta fi kafuwa shi ne gaɓar kogin Mekong da tsaunukan da ke kewaye, wato Laos, arewa da arewa maso gabashin Tailan, yankin Shan na Myanmar, kudancin lardin Yunnan na Sin da arewa maso yammacin Biyetnam. Mutanen Laos har kiran kansu suke luk khao niao, ma'ana 'ya'yan shinkafa mai danƙo, kuma babu al'ummar da ta kai su cinta a duniya. Tsakanin 1995 da 2000 an zagaya ƙauyukan ƙasar aka tattara samfurin irin shinkafa sama da 13,000, aka tarar wajen kashi 85 cikin 100 mai danƙo ce. Dalilin da ake yawan bayarwa shi ne tana daɗewa a ciki, kuma manomi zai iya cusa ta a ɗan kwando ya tafi gona da ita ta wuni ba ta lalace ba, ba cokali ba kwano.

A Sin tarihinta ya haɗu da na wani mawaƙi kuma bafaden sarki mai suna Qu Yuan na daular Chu. An ce makirci aka ƙulla masa a fada aka kore shi, da ya ji labarin babban birnin ƙasarsa ya faɗa hannun dakarun Qin sai ya faɗa kogin Miluo, wajen shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen gari suka fita da kwale-kwale nemansa, suna jefa shinkafa a ruwa don kar kifaye su taɓa gawarsa. Daga nan ake danganta zongzi, wato shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganyen gora a ɗaure da zare a dafa, da kuma tseren kwale-kwale na ranar 5 ga wata na 5 a kalandar watansu. Masana tarihi da dama na ganin bikin ya girmi labarin, daga baya aka jingina shi da mawaƙin. UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2009.

Abin da ya fi ban sha'awa a tarihin shinkafar nan ma ba a tukunya yake ba, a gini yake. Tun wajen shekara 1,500 da suka wuce maginan Sin suka gano in aka dama kunun shinkafa mai danƙo aka haɗa da farar ƙasa, kwaɓin da ake samu ya fi farar ƙasa zalla ƙarfi, ya fi jure ruwa, kuma ba ya saurin tsagewa. Da shi aka ɗora tubalan kaburbura da hasumiyoyi da ganuwar birane, musamman zamanin daular Ming, daga 1368 zuwa 1644, har da wasu sassa na Babbar Ganuwar Sin da ganuwar birnin Nanjing. A 2010 masu bincike na Jami'ar Zhejiang suka bayyana yadda abin ke aiki: amilofektin ɗin nan dai shi ke hana ƙwayoyin farar ƙasar girma barkatai, sai su fito ƙanana su matse da juna, ginin ya kame. Duk wanda ya san yadda maginan Kano da Zariya ke sa makuba a shafe don ruwan sama kar ya ci bango zai gane hikimar nan take, mutum ya duba abin da ke gonarsa ya fitar da siminti daga ciki. Har yau masu gyaran tsofaffin gine-gine a Sin kan koma wa wannan haɗin.

A Japan kuwa mochi, wato ƙullin shinkafar da ake kirɓawa a turmi, ya samu gindin zama a bukukuwan fada tun zamanin Heian, 794 zuwa 1185, kuma tun asali abu ne mai alaƙa da addininsu na gargajiya.

Yadda ake dafawa

Ba a zuba ta a tafasasshen ruwa kaman sauran shinkafa, in an yi haka caɓewa take. Jiƙa ta ake yi na awoyi, yawanci a bar ta ta kwana, a tsane, sannan a turara ta kaman dambu. A Laos da Isan, wato arewa maso gabashin Tailan, madambacin nasu kwando ne na gora mai tsini da ake ɗorawa a bakin tukunya, cikin minti 20 zuwa 30 ta nuna, a juye a faranti a baza da muciya tururin ya fita, sai a zuba a ɗan kwando mai murfi. Da hannu ake ci, a gutsuro a mulmula a dangwali miya ko yaji, ko a haɗa da gasasshiyar kaza da kwaɗon ɗanyen gwanda. Akwai kuma garinta, wanda da shi ake yawancin kayan zaƙin.

Kayan zaƙi

Wanda duniya ta fi sani shi ne khao niao mamuang na Tailan, shinkafa da mangwaro. Da zafinta ake kwarara mata madarar kwakwa da aka dafa da suga da ɗan gishiri, a rufe a bar ta ta tsotse, sannan a yanka nunannen mangwaro a gefe, a ƙara madarar kwakwa mai kauri a sama da ɗan soyayyen wake don ƙaras-ƙaras. Gishirin nan shi ne sirrin, in babu shi zaƙin gundura yake. Mangwaron da aka fi so su ne Nam Dok Mai da Ok Rong, lokacinsu kuma Afrilu da Mayu, tsakiyar zafi. A Afrilun 2022 mawaƙiyar Tailan Milli ta ci shi a kan dandamali a bikin Coachella na Amurka, aikuwa washegari masu sayarwa a Bankok suka rasa inda za su sa kansu don ciniki. Akwai mai durian, wani ɗan itace mai ƙaya a baya, akwai kuma khao lam da ake cusawa a cikin gora a gasa a bakin wuta.

Mochi na Japan a turmi ake yin sa. A turara shinkafar, a juye a turmi, mutum ɗaya na kirɓawa da wata taɓarya mai kama da guduma, ɗaya na sa jiƙaƙƙen hannu yana juya ƙullin tsakanin bugu da bugu, kaman dai masu kirɓa sakwara, har sai ƙwaya ta ɓace ya zama sumul yana miƙewa. Ana yin wannan ne gab da sabuwar shekara. A kan ɗora guda biyu, babba da ƙarami, da ɗan lemo a sama a ajiye a gida, shi ne kagami mochi. Daifuku kuma mochi ne da aka cusa wa jan wake da aka dafa da suga. Mai askirim a ciki sabon abu ne, a Los Angeles ya yi suna a farkon shekarun 1990 ta hannun kamfanin Mikawaya na Frances Hashimoto.

A Sin akwai tangyuan, 'yan ƙwallaye na gari da ake cusa wa baƙin riɗi ko gyaɗa a dafa a ruwan zaƙi, ana sha ranar 15 ga watan farko na kalandarsu, kuma zagayensu na nufin iyali sun haɗu. Niangao na sabuwar shekara ne, sunansa ya yi kama da faɗin "shekara ta ɗaukaka". Zongzi na arewa mai zaƙi ne, da jan wake ko wata magarya tasu babba mai zaƙi kaman dabino, na kudu kuma mai gishiri ne da nama da gwaiduwar ƙwai, kuma musun wanne ne na gaskiya bai ƙare ba. Musulmin Hui suna da hannu sosai a wannan fanni, a unguwarsu ta birnin Xi'an ana sayar da zenggao, shinkafa hawa-hawa da magaryar nan da wake, da sassafe yana tururi.

Koriya na da injeolmi da ake birkiɗawa a garin soyayyen waken suya, da yaksik mai zuma da man riɗi. Filifin na da biko da suman, da puto bumbong mai launin shunayya da ake sayarwa a ƙofar coci cikin kwanaki 9 kafin Kirsimeti. A Biyetnam xoi abin karin kumallo ne, banh chung kuma na bikin Tet, wato sabuwar shekararsu. A Myanmar ana tuƙa htamane a manyan tukwane wajen watan Fabrairu, a Assam ta Indiya kuma pitha a bikin Bihu.

A wajen Musulmin Malesiya da Indonesiya

Nan ne mai karatu Bahaushe zai fi jin abin kusa da shi. Jajibirin ƙaramar Sallah za ka ga an jera gorori a jingine a gefen titi wuta na ci a bayansu, lemang kenan: a shimfiɗa ganyen ayaba a cikin gora, a zuba shinkafa da madarar kwakwa da gishiri, a riƙa juyawa awa 4 zuwa 5 don kar gefe ɗaya ya ƙone, in ya nuna a tsaga goran a yanyanka shi, a ci da rendang, naman nan da ake dafawa da kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙafe. Pulut kuning kuma da kurkur ake rina shi ya yi rawaya, shi ake rabawa ranar suna da ɗaurin aure da saukar Alƙur'ani, matsayinsa kaman na waina ko funkaso a sha'anin gidajenmu. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Malesiya sun san kasuwannin azumi da ake ci bayan la'asar, inda ake jera kuih, wato kayan kwaɗayinsu, kala-kala, irin su seri muka, ƙasa shinkafa fara sama kore mai ƙamshin ganyen pandan, da onde-onde, wanda a Java ake ce wa klepon, ƙwallo kore da aka cusa wa sugan kwakwa mai kama da mazarƙwaila, kana tauna shi ya fashe a baki. Ga kunun baƙar shinkafa da madarar kwakwa, ga dodol da ake wuni ana tuƙawa a kasko har hannu ya gaji. A bikin auren mutanen Java a kan kai wajik, shinkafar da aka dafa da sugan kwakwa, cikin kayan da dangin ango ke kaiwa, fatan ma'aurata su manne da juna kaman yadda ƙwayoyin suka manne.

Halal da lafiya

Ita kanta shinkafar ba ta da matsala, abin dubawa shi ne mahaɗin. Zongzi na kudancin Sin da banh chung da naman alade ake yi, wasu kayan zaƙin kuma da kitsensa, sannan ana yin giya da ita a Sin da Laos da Japan, wadda kan shiga girki. Tape ketan na Indonesiya dafaffiyar shinkafar ce da aka bari ta tsima, malamansu sun yi magana a kai, ra'ayi ya bambanta.

Tana saurin ɗaga sugan jini, balle an haɗa da suga da madarar kwakwa, mai ciwon suga sai ya yi hattara. Mochi kuma yana maƙalewa a maƙogwaro, duk watan Janairu sai an kwashi tsofaffi zuwa asibiti a Japan, wasu ma su rasu, shi ya sa hukumar kashe gobara ta Tokyo ke fitar da gargaɗi duk shekara cewa a yanka shi ƙanana, a jiƙa maƙoshi da shayi ko miya kafin a ci, kuma kar a bar tsoho ko ƙaramin yaro ya ci shi kaɗai.