Zaɓen Birtaniya na 1945: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Duk lokacin da zance ya kai ga ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini game da zaɓen da aka yi a Birtaniya a ranar 5 ga Yulin 1945. Na amsa su har bakina ya gaji, don haka na rubuta su nan, wanda ya sake tambaya sai in nuna masa.

Ta yaya Churchill ya ci yaƙi amma ya faɗi zaɓe?

Tambayar kanta da gyara a cikinta. Winston Churchill, firaministan da ya jagoranci Birtaniya a yaƙin, ya ci kujerarsa ta mazaɓar Woodford, jam'iyyarsa ta Conservative ce ta sha kaye. A tsarin Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye, kowace mazaɓa wakilinta na majalisa take zaɓa, kuma jam'iyyar da ta fi kujeru ita ke kafa gwamnati. Wanda bai riƙe wannan ba, sauran bayanin ba zai amfane shi ba.

Kujeru nawa kowa ya samu?

Daga cikin kujeru 640, Labour ta Clement Attlee ta samu 393, Conservative ta samu 197, Liberal kuwa 12 kacal, har shugabanta Archibald Sinclair ya rasa tasa kujerar. Labour ta fi dukkan sauran jam'iyyun a haɗe da kujeru 146.

Me ya sa aka yi mako uku kafin a bayyana sakamako? Ba maguɗi aka yi ba?

Ba a yi ba, kuma ina roƙon a daina ɗora wa kowane zaɓe irin zargin da aka saba ji. Sojoji masu yawa suna ƙasashen waje a lokacin, yaƙi da Japan ma bai ƙare ba, sai aka rufe akwatunan har ƙuri'unsu suka iso, aka ƙidaya a ranar 26 ga Yuli. Akwai kuma wasu mazaɓu, yawancinsu a arewacin Ingila da Sikotlan, da aka ɗage musu ranar jefa ƙuri'a saboda ta faɗo cikin makon hutun ma'aikatansu na shekara.

To, me ya juya mutane?

Nan ne ya kamata a tsaya. Tun 1935 ba a yi babban zaɓe ba, saboda yaƙi ya sa majalisa ta yi ta tsawaita wa'adinta, don haka wanda ya kai shekara 21, wato shekarun fara jefa ƙuri'a a lokacin, bayan wancan zaɓen bai taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen gama-gari ba. Mutane ba su manta da rashin aikin yi na shekarun 1930 ba, ba su kuma manta da yadda gwamnatin Neville Chamberlain ta yi ta lallashin Hitler ba, kuma duk waɗannan a wuyan Conservative suka rataya su. A 1942 William Beveridge ya fitar da rahotonsa kan inshorar jama'a da kula da marasa galihu, jama'a suka yi rububin sayensa, kuma Labour ce ta fi nuna da gaske take wajen aiwatar da shi. Ga gidaje da bama-bamai suka rusa, ga soja da zai dawo yana tambayar inda zai kwana da aikin da zai yi. Attlee da Ernest Bevin da Herbert Morrison kuwa sun riƙe manyan muƙamai a gwamnatin haɗin gwiwa ta yaƙi, saboda haka ba wanda zai ce musu ba su san mulki ba. Churchill ya ƙara wa kansa ciwo a jawabinsa na rediyo na 4 ga Yuni, inda ya ce gwamnatin gurguzu sai ta koma ga wani abu mai kama da Gestapo, wato 'yan sandan asirin Hitler, alhali mutanen da yake nufi, wato shugabannin Labour, makonni kaɗan da suka wuce suna zaune da shi a majalisar ministoci. A ganina wannan jawabi bai kai ya kayar da shi shi kaɗai ba, amma ya nuna bai karanci halin da mutanensa suke ciki ba.

Shin dole ne sarki ya naɗa shugaban jam'iyyar da ta ci, ko yana iya ɗaukar wanda ya ga dama?

Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma ba ta da amsa ta kalma ɗaya. A bisa doka, naɗa firaminista ikon sarki ne, kuma babu wani kundi guda rubutacce da ya tsara masa matakan da zai bi. A bisa al'ada kuwa, wadda a can take da ƙarfi kusan kamar doka, sarki yana kiran wanda zai iya samun goyon bayan mafi yawan 'yan majalisar wakilai. Idan jam'iyya ɗaya ta yi rinjaye a fili kuma tana da shugaba sananne, to kusan babu sauran zaɓi a hannun sarki. Na ce kusan, domin ko a 1945 an so a samu tangarɗa: Morrison ya nemi Attlee ya dakata har sababbin 'yan majalisar Labour su taru su zaɓi shugaba, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa shi kansa yana sha'awar kujerar. Attlee bai dakata ba. Da yammacin 26 ga Yuli Churchill ya je fadar Buckingham ya miƙa wa Sarki George na Shida murabus ɗinsa, ya ba da shawarar a kira Attlee, shi kuma ya amsa kira a daren, magana ta ƙare. Da a ce ya jira jam'iyyar ta zaɓi wani, mai yiwuwa ne sarki ya bi abin da ta zaɓa, amma wannan hasashe ne tunda bai faru ba. Inda sarki yake da ɗan sarari shi ne lokacin da jam'iyya mai mulki ba ta da shugaba tabbatacce, kamar 1923 da Sarki George na Biyar ya ɗauki Stanley Baldwin ya bar Lord Curzon. Ko wannan sararin ya ƙuntata daga baya, domin jam'iyyun sun tsara hanyar zaɓen shugabanninsu da kansu. Saboda haka wanda za a yi wa wannan tambaya a jarrabawa ya kwantar da hankalinsa, ya rubuta cewa iko na sarki ne amma al'ada ta ɗaure masa hannu, ya kawo misalin 1945, ya isa.

Sojojinmu da suka yi yaƙin Burma sun jefa ƙuri'a?

A'a. Dakarun runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausawa da yawa suke cikinsu, sun yi yaƙi da sunan sarkin Ingila, amma ƙasar da ake yi wa mulkin mallaka ba ta da mazaɓa a majalisar Landan.

Me ya faru da taron Potsdam?

Taro ne da shugabannin Birtaniya da Amurka da Tarayyar Sobiyet suke yi a Jamus kan makomar bayan yaƙi. Churchill ya baro shi ya dawo jin sakamako, bai koma ba. Attlee ne ya koma ya zauna da Truman na Amurka da Stalin na Tarayyar Sobiyet, tare da Bevin a matsayin ministan harkokin waje.

Labour ta cika alkawuranta?

Ta cika da dama. Ta mayar da babban bankin Ingila da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun gwamnati, ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa wadda ta fara aiki a 5 ga Yulin 1948 a ƙarƙashin Aneurin Bevan, kuma a zamaninta Indiya da Pakistan suka samu 'yanci a 1947. Sai dai rabon abinci da kati ya ci gaba, har burodi aka sa cikinsa a 1946, abin da ba a yi ba ko a tsakiyar yaƙi, jama'a kuwa suka gaji. A 1950 rinjayenta ya ragu zuwa kujeru biyar.

Churchill ya sake dawowa?

Ya dawo a 1951, kuma kafin wani ya sake kawo mini zancen maguɗi: a wancan zaɓen Labour ce ta fi yawan ƙuri'u a faɗin ƙasa, amma Conservative da ƙawayenta suka samu kujeru 321, Labour ta samu 295. A koma a karanta amsar tambaya ta farko.