Waiwaye: yadda sarrafa injin jirgin ƙasa ya tashi daga hannun direba

Fasinjan da ya hau jirgi a tashar Rigasa zuwa Abuja, a kan layin da aka buɗe a 2016, ba kasafai yake sanin cewa wutar lantarki ce ke juya ƙafafun kan jirgin ba, domin injin dizal ɗin da yake jin rurinsa aikinsa samar da wutar ne kawai. Saboda haka tarihin sarrafa wannan wuta ya shafi mutanen Kaduna kai tsaye.

Tun lokacin da Werner von Siemens, injiniya ɗan Jamus, ya nuna ƙaramin jirginsa na lantarki a Berlin a 1879, babbar wahalar tana wajen tashi ne. Injin lantarki mai amfani da wutar DC, wato wutar da ke bin hanya ɗaya irin ta batir, idan yana tsaye yakan zuƙi wutar da za ta iya ƙona shi, sai ya fara juyawa sannan ya haifar da wani ƙarfi da ke tokare wutar, abin da yake ja ya ragu. Dabarar farko ita ce a jera resista, wato na'urorin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, a gabansa, a riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya yayin da gudu ke ƙaruwa, kamar dai regiletar tsohuwar fanka mai lamba ɗaya zuwa biyar. Duk nauyin yana kan direba: in ya yi gaggawa ƙafafun su yi ta zamewa a kan dogo, fasinjoji su sha fizga, in kuma ya yi nawa resistocin su ɗau zafi, wuta ta tafi a banza.

A 1897 Frank Sprague, injiniya ɗan Amurka, ya fito wa jiragen birnin Chicago da tsarin da direba ɗaya zai sarrafa injinan taragai da yawa ta 'yan siraran wayoyi, maimakon babbar wutar ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Wannan ne ya ba da damar shigar da wata 'yar na'ura mai auna wutar da injin ke ja, kuma a ganina nan ne al'amarin ya juya da gaske. Direba zai kai hannun sarrafawa inda yake so sau ɗaya, na'urar kuwa ba za ta bari a cire resista na gaba ba har sai wutar ta sauko ƙasa da iyakar da aka yanka mata. Da resistocin sun ƙare, sai tsarin ya sauya haɗin injinan daga jere, inda suke raba ƙarfin wutar a tsakaninsu, zuwa haɗin da kowanne ke samun cikakken ƙarfi, daga bisani a rage ƙarfin maganaɗisun injin domin a ƙara gudu. Da wannan tashin jirgi ya zama iri ɗaya, ko gwani ne ke tuƙi ko sabon hannu.

Matsalar da ta saura ita ce asarar wuta a resista. Sababbin jiragen layin Chiyoda na Tokyo, waɗanda suka fara aiki a 1971, suna cikin na farko da suka maye gurbinsu da na'urar da ke kunna wuta da kashe ta ɗaruruwan lokuta cikin daƙiƙa guda. Daga shekarun 1980 kuma inbata, na'urar da ke mayar da wutar DC zuwa AC mai sauya alkibla, ta shigo tare da injin AC wanda ba shi da buroshi, wato ɗan gawayin da ke isar da wuta ga ɓangaren da ke juyawa yana cinyewa, kwamfuta tana lura da kowace ƙafa, tana rage mata wuta da zarar ta fara zamewa, a wajen birki kuma injin ya koma janareta ya mayar da wuta cikin layi.

A Najeriya, layin Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 yana jan wutarsa daga dogo na uku da ke gefen layi, namu na Kaduna kuwa har yanzu da dizal yake. Abin da ke damuna shi ne gyara, domin laifin irin waɗannan injina a allon kwamfuta ake fara karanta shi, kuma ina fatan cibiyar koyar da fasahar sufuri ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su ba wannan fanni muhimmanci wajen horar da matasanmu.