Wa Ke Wajabta Rigakafi Ga 'Yan Makaranta A Amurka?

Mutane da dama sun daɗe suna zaton gwamnatin tarayya ce ke wajabta wa yaran Amurka allurar rigakafi kafin su shiga makaranta, kuma wannan zato kuskure ne. Hukumar CDC, wato hukumar tarayya mai yaƙi da cututtuka, shawara kawai take bayarwa game da jadawalin allurai, amma ikon kafa sharaɗin shiga aji yana hannun jihohi, shi ya sa dokokin suka sha bamban.

Jihar Massachusetts ce ta fara a 1855, lokacin da cutar agana ke addabar jama'a, kuma a 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa ana iya hana yaron da ba a yi wa rigakafi ba shiga makaranta. Ana ɗaga wa yaro ƙafa idan likita ya shaida allurar za ta cutar da shi, jihohi da yawa kuma suna karɓar uzurin addini. Kalifoniya ta zartar da dokar soke wannan uzuri a 2015 bayan ɓarkewar ƙyanda, New York ta bi sahu a 2019, matakin da nake ganin ya dace, domin ƙyanda na saurin yaɗuwa a cikin aji.