Firintar 3D a asibiti: a san robar kafin ta taɓa majinyaci

Firintar 3D ba tawada take zubawa a takarda ba. Wadda aka fi sani, zaren roba mai kaurin milimita 1.75 take narkarwa, ta riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kamar milimita 0.2, har abin da aka zana a kwamfuta ya tsaya da siffarsa. Da wa'adin haƙƙin mallakar wannan dabara ya ƙare a 2009, farashin na'urar ya faɗi, ƙananan cibiyoyin lafiya ma suka fara samunta. Yau da firintocin 3D iri-iri ake yin ƙoƙon na'urar taimaka wa ji, da hannun roba, da abin ɗaure karaya daidai da gaɓar mutum, da kwafin ƙashi wanda likita zai gwada tiyata a kansa tukuna. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, ƙwayar maganin farfaɗiya da aka buga da wata fasahar 3D.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen zaɓen roba. PLA, wadda ta fi arha da sauƙin bugawa, tana fara laushi a zafi kusan digiri 60. Na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi kuwa tana kaiwa digiri 121. Idan aka sa PLA ciki, a karkace za ta fito. Ga kuma ƙananan layuka tsakanin hawa da hawa, inda datti da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa, gogewa da sinadari ba lallai ta kai can ba. Saboda haka abin da aka buga da ƙaramar firintar da ake ɗorawa a tebur kada ya shiga rauni, ko baki, ko cikin jiki. Abubuwan da ke shiga waɗannan wurare suna da robarsu da ƙarfensu da aka tantance, da dokarsu.

Ƙarfin abin ma ya danganta da yadda aka kwantar da shi wajen bugawa. Ya fi saurin tsagewa a mahaɗar hawa-hawan, don haka a kwantar da shi yadda nauyi zai bi tsawon zaren. Zaren da ya sha laima yana tartsatsi a bakin na'ura, abin ya fito da ramuka. A adana shi a rufaffen mazubi mai maganin laima.

Batun muhalli, a rage zuzutawa. Daga sitacin masara ko rake ake yin PLA, gaskiya ne, amma ba ta ruɓewa a ƙasa, sai a masana'antar taki mai zafi. Ribar gaske ita ce a buga iya abin da ake buƙata, a inda ake buƙatarsa.

Iyayen yaron da aka sa wa hannun roba, ku duba dungun kullum bayan an cire. Jan da bai ɓace ba cikin minti 20, ko ƙuna, ko kumburi, alama ce ƙoƙon da dungun ke shiga yana matsawa. A daina sawa, a koma wurin mai gyaran gaɓoɓi ya sake aunawa, tunda yaro na girma, robar kuwa ba ta girma.